Tafiya Cikin Duwatsun Azbin: Darasin Hanya, Ruwa da Salla

  



Da zarar an ba da hutu, da yawa daga cikinmu sukan ɗaure kaya su bar Agadas su nufi cikin duwatsu. Wani gida zai koma, Timiya ko Tabelot ko Iferwan. Wani zai je taya dangi aikin garka lokacin cire albasa. Wani kuma malaminsa zai raka zagayen wa'azi a ƙauyukan da mota ba ta isa. Dukanmu mun karanta babin taimama tun daga Ahalari da Ishmawi, mun zo mun karanta babin sallar matafiyi a Risala, mun haddace, mun ci jarrabawa. To amma ranar da mutum ya tsinci kansa cikin kwari, rana ta faɗa bayan dutse tun la'asar, ruwan cikin bido bai fi lita biyu ba, ga jaki yana huci, a nan ne ake gane ko karatun ya zauna.

Abin da wannan darasi yake so ya tabbatar shi ne matafiyin dutse yana bukatar ilimi biyu tare: ilimin hanya, wanda yake hannun mutanen wurin, da ilimin hukunci, wanda yake cikin littattafanmu. Wanda ya ɗauki ɗaya ya bar ɗaya, ko dai ya jefa ransa cikin halaka, ko ya tozarta sallarsa.

Ƙasar da muke magana a kanta

Azbin, wadda mutanenta suke kira Ayar, tarin duwatsu ne da ke arewa da Agadas, faɗinsu ya kai murabba'in kilomita 84,000. Tsaunuka ne daban-daban, kowanne ya tashi shi kaɗai kamar tsibiri, tsakaninsu akwai filayen tsakuwa da kwaruruka. A kudu akwai Bagzan, wanda ƙololuwarsa ta kai mita 2,022, kuma babu wurin da ya fi shi tsawo a duk ƙasar Nijar. A arewa akwai Tamgak, garin Iferwan yana gindinsa. Idan ka gangara gabas, duwatsu su ƙare, sai rairayin Tenere. A 1988 gwamnati ta keɓe wani babban yanki na duwatsun da Tenere ya zama gandun kare dabbobi da itatuwa, a 1991 kuma hukumar UNESCO ta sanya shi cikin kayan tarihin duniya.

Ruwan sama kaɗan ne, kuma kusan dukansa yana sauka ne tsakanin Yuli da Satumba. Dutse ba ya shan ruwa, saboda haka duk abin da ya zuba yana gangarawa ne cikin ƙoramu, ya yi gudu na ƴan sa'o'i ko ƴan kwanaki, sannan ya nutse ƙarƙashin rairayi. Wannan ruwan da ya ɓuya shi ne rayuwar Azbin. Shi ya sa rijiyoyi suke bakin ƙorama, garake suke bakin ƙorama, ƙauyuka ma haka. Da raƙumi ko sa ake jawo ruwa daga rijiya ta hanyar abin da Abzinawa ke kira tekarkart, yanzu kuma injin ban ruwa ya yawaita. Ana noma albasa da tafarnuwa da dankalin turawa da alkama da masara, ga dabino, Timiya kuwa ta yi suna da lemu da rumman. Duk inda ka hango layin goriba da gawo da bagaruwa ya miƙe tsakanin baƙaƙen duwatsu, to ƙorama ce, kuma galibi nan hanya take bi.

Hanyoyin nan tsofaffi ne ƙwarai. Ibn Baɗɗuɗa ya ratsa yankin a 1353 bayan ya tashi daga Takadda zai koma Magrib. Shehu Magili ya biyo ta nan a ƙarshen ƙarni na 15 kafin ya isa Kano zamanin Sarki Muhammadu Rumfa. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya zo har Agadas wajen malaminsa Malam Jibrilu ɗan Umaru. Daga waɗannan kwaruruka ne kuma ayarin gishiri yake tashi kowace kaka zuwa Fashi da Bilma, ya dawo da kantu da dabino, ya gangara kudu ƙasar Hausa ya musanya da gero. Kun ga ke nan ɗalibin da ya taka hanyar nan sawun malamai da fatake yake bi.

Shiri kafin tashi

Farko niyya ta gari da izinin iyaye. Sannan ka biya abin da ake bin ka, ko ka faɗa wa wani amintacce. Ka sanar da mutanen gida hanyar da za ka bi da ranar da kake sa ran isa, domin da zarar ka shiga tsakanin duwatsu rezo yakan ɗauke, salula ta zama fitila kawai.

Kada ka tafi kai kaɗai. Hadisi ya tsoratar da tafiyar mutum ɗaya cikin dare, ya kuma yi umarni idan mutane uku suka fita tafiya su naɗa ɗaya shugaba. Hikimar tana bayyana ne lokacin da hanya ta rabu biyu, wannan ya ce dama, wancan ya ce hagu. Idan babu mai yanke magana, sai ayari ya rabu, ruwa ya rabu, guzuri ya rabu. Shugaban tafiya kuma ya ɗauki jagora ɗan ƙasa, ya saurare shi. Hausawa sun ce baƙo ko da ido makaho ne. Jagora shi ya san rijiyar da ta ƙafe bana, da mashigar da dutse ya toshe bara. Akwai kuma wani dalili mai nauyi: lokacin tawayen 2007 zuwa 2009 an binne nakiyoyi a wasu hanyoyin yankin. Saboda haka ba a ƙirƙiro sabuwar hanya don a yanke, ana bin wadda mutane da dabbobi suke bi, kuma ana tambayar mai gari da hukuma halin tsaro kafin a tashi. Hanyar lafiya a bi ta da shekara.

A dutse da awa ake auna tafiya. Mai lafiya yakan ci kilomita 4 zuwa 5 a awa guda a fili, amma masu hawan dutse sukan ƙara awa ɗaya a kan kowace mita 600 ta hawa, idan kuma da jaki mai kaya abin ya fi haka. Idan ɗan ƙauye ya ce maka “nan kusa ne”, ka tambaye shi da ladabi: “Baba, in mun tashi bayan asuba, yaushe za mu isa?” Amsarsa ita ce ma'auninka.

Guzuri ya zama marar nauyi mai riƙe ciki: dabino, cuku, garin gero, shayi da sukari. Ruwa kuwa, mai tafiya a ƙasa cikin zafi yana iya shan lita 5 ko fiye a yini. Ka riƙi rawani saboda rana da ƙura, da takalmi mai ƙarfi wanda ƙafarka ta saba da shi, da bargo. Kada zafin Agadas ya ruɗe ka. Duk mita 1,000 da ka hau sanyi yana ƙaruwa da kamar daraja 6, kuma a watannin Disamba da Janairu ruwa yakan daskare da dare bisa Bagzan. Lokacin da ya fi sauƙin tafiya shi ne daga kaka zuwa ƙarshen ɗari. Bazara zafi, damina kuwa ga abin da ke cikinta.

Ƙorama hanya ce, kuma tarko ce

Matafiyin da ya gaji, babu wurin da ya fi ba shi sha'awa kamar tsakiyar ƙorama. Rairayi mai laushi, inuwar gawo, babu tsakuwa. To wallahi a damina nan ne wurin da ya fi ko'ina hatsari. Ana iya yin ruwa bisa wani tsauni mai nisan kilomita 30 ko 40, kai inda kake sama garau, taurari reras. Ruwan ya taru daga ƙananan kwazazzabai, ya haɗu, ya taho gaba ɗaya ɗauke da itace da duwatsu. Iyayenmu ba su manta da farkon Satumba na 2009 ba, cikin watan azumi, lokacin da ruwan duwatsu ya cika ƙoramar Telwa, ya fasa madatsa, ya shiga unguwannin Agadas ya rushe dubban gidaje. Idan ruwan nan ya yi wa birni haka, yaya mutum uku da jaki biyu?

Dokar da jagorori suke bi ita ce a damina ba a kwana cikin ƙorama, ana hawa gefe a samu tudu. Alamomin da ake lura da su: hadari ko walƙiya ta wajen da ƙoramar ta fito, iska mai sanyi da ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa, da wata ƙara daga nesa kamar ta babbar mota. Idan ka ji ƙarar nan, ka haye gefe nan take, ka bar kaya. Kada ka yi gudu cikin ƙorama kana tsammanin za ka tsere wa ruwa. Idan kuma ka iske ƙorama tana gudu, ka zauna ka jira, galibi takan ja baya bayan ƴan sa'o'i. Ruwan da ya kai gwiwa yana gudu ya isa ya kayar da ƙato. Sannu ba ta hana zuwa.

A nan ilimin biyu suka haɗu. Hadisi ya hana matafiyi yin zangon dare a kan hanya, saboda mabiyar dabbobi ce da miyagun ƙwari. A Azbin ƙorama ita ce hanyar dabbobi, ita ce kuma hanyar ruwa. Kiyaye rai wajibi ne a shari'a, kuma wanda ya kwanta a bakin halaka yana cewa ya dogara ga Allah bai fahimci tawakkali ba.

Ruwa da taimama

Abzinawa suna cewa “aman iman”, wato ruwa shi ne rai. Mas'alar da ta fi faɗo wa matafiyin dutse ita ce: ga ruwa kaɗan, in yi alwala ko in ajiye? Malamanmu na Malikiyya sun warware ta. Idan kana tsoron ƙishirwa mai cutarwa a kanka, ko a kan abokin tafiyarka, ko a kan dabbar da ke tare da kai, to ka ajiye ruwan ka yi taimama. Idan abin ya kai tsoron halaka, taimamar ta zama wajibi. Saboda haka ɗalibin da ya zubar da ruwan ayari wajen alwala alhali rijiya tana nisan yini guda bai yi tsentseni ba, ya saɓa wa hukunci ne.

Sai dai taimama ba ta lalaci ba ce. Idan kana zaton akwai ruwa a ƙasa da mil biyu, wato kilomita uku da ɗan wani abu, kuma babu wahala mai tsanani ko tsoro wajen zuwa, sai ka nema. Idan abokin tafiya ya ba ka kyautar ruwa ka karɓa. Idan ana sayarwa bisa farashin da aka saba kuma kana da hali, ka saya. Wanda ya yanke ƙauna daga samun ruwa ya yi taimama a farkon lokaci, mai kokwanto a tsakiyarsa, mai sa rai a ƙarshensa. To wa zai gaya maka ko kai mai yanke ƙauna ne ko mai sa rai? Jagora. Littafi ya ba ka hukunci, jagora ya ba ka labarin rijiya.

Ana yin taimama da abin da yake jinsin ƙasa mai tsarki: turɓaya, rairayi, tsakuwa, har da falalen dutse marar ƙura. Ba a yi da itace ko tabarma ko abin da aka ƙona kamar siminti. Ka yi niyya, ka bugi ƙasa, ka shafi fuska duka, ka shafi hannaye zuwa wuyan hannu, wannan shi ne farilla. Bugu na biyu da kaiwa gwiwar hannu sunna ne. Ba a yin ta sai lokaci ya shiga, a haɗa ta da sallar ba tare da jinkiri ba, kuma kowace farilla da taimamarta.

Wane ruwa ne ake alwala da shi? Cikin duwatsu akwai kududdufai da ruwan sama ke taruwa, waɗanda ake kira agalmam. Idan ruwan ya canza saboda mazauninsa, kamar laka ko gansakuka ko ma'adinin ƙasa, to mai tsarki ne mai tsarkakewa. Haka ruwan zafin nan na Tafadak da mutane ke zuwa wanka. Amma kududdufin da kashin dabbobi ya canza launinsa ko warinsa ko ɗanɗanonsa, mashhurin zance ba a alwala da shi. Wajen sha kuwa, ruwan kududdufi a tace shi da ƙyalle a tafasa. Idan wanka ya wajaba a kanka cikin sanyin Bagzan, ka ɗumama ruwa. Idan babu halin ɗumamawa kuma kana tsoron rashin lafiya, ka yi taimama.

Kasaru da haɗa salla

A nan ɗalibai da yawa sukan ruɗe, su ɗauka wahala ita ce ke kawo kasaru. A mazhabarmu nisa ne ma'auni: baridi 4, wato mil 48, abin da malaman zamani suke ƙiyastawa da kilomita 80 da ɗoriya. Zuwa kaɗai ake ƙirgawa ban da dawowa, kuma sai mutum ya yi niyyar tafiyar tun farko, tafiya ta halal. Azahar da la'asar da isha'i su ake mayarwa raka'a biyu, magariba da asuba suna nan yadda suke. Kasaru sunna ce mai ƙarfi, kada wani ya ga kamar ragi ne a addini.

Ga misalai. Wanda ya tashi daga Agadas zuwa Dabaga, wadda ba ta kai kilomita 50 ba, zai cika sallarsa. Wanda ya nufi Timiya, sama da kilomita 200, zai fara kasaru da zarar ya wuce gidajen ƙarshe na gari, ko da a kat-kat yake zaune bai gaji ba. Idan ya isa da niyyar zaman kwana huɗu cikakku, sai ya koma cikawa. Idan Timiya garinsu ne, yana shiga tafiya ta yanke, ko da kwana ɗaya zai yi. Wanda kuma yake zaune a Tabelot, ya hau Bagzan a ƙasa, ya wuni yana hawa har ƙafafunsa suka kumbura, ba zai yi kasaru ba, domin nisan bai kai ba. Haka makiyayi mai bin ciyawa, da mai neman raƙumin da ya ɓata, ba su kasaru sai in sun san lalle za su ci wancan nisa.

To shi mai hawan Bagzan babu wani sauƙi gare shi? Akwai. Haɗa salloli biyu ya halatta ga matafiyin tudu ko da tafiyarsa ba ta kai ta kasaru ba. Idan rana ta yi zawali kana zango, kuma ka san in ka tashi ba za ka sauka ba sai bayan faɗuwar rana, ka sallaci azahar ka jawo la'asar ka haɗa. Idan zawali ya same ka kana tafe, kuma za ka sauka kafin rana ta yi fatsi-fatsi, ka jinkirta su ka haɗa in ka sauka. Idan kana tafe kuma sai bayan faɗuwar rana za ka sauka, ka tsaya sau ɗaya, ka yi azahar a ƙarshen lokacinta, la'asar a farkon nata. Magariba da isha'i ma a kan wannan tsari suke. Wannan rangwame yana da amfani ƙwarai a siririyar hanyar gefen dutse, inda ba a iya tsayar da jakuna masu kaya sau biyu.

Idan ka shiga masallacin ƙauye ka bi liman mazauni, ka cika tare da shi. Idan kai aka gabatar kana matafiyi, ka sanar da mutane tun farko cewa za ka sallame a raka'a biyu, su tashi su cika. Juma'a ba ta wajaba ga matafiyi, amma in ya halarta ta isar masa. Azumi kuwa, an yarda a sha a tafiyar kasaru idan an fita kafin alfijir, a rama daga baya, amma yin azumin ya fi ga mai iko.

Lokaci da alƙibla cikin kwari

Rana ta ɓuya bayan dutse ba shi ne faɗuwar rana ba. Cikin kwari mai zurfi inuwa takan rufe ka alhali da sauran lokaci mai tsawo. Ka ɗaga kai ka dubi kawunan duwatsun gabas. Muddin akwai hasken rana a bisansu, magariba ba ta yi ba. Malamai sun ce mai zama tsakanin duwatsu ya jira har ya ga duhu ya taso daga gabas. Mai azumi ya kula da wannan sosai. Da safe kuma akasin haka ne: rana tana iya fitowa kai ba ka gan ta ba. Idan kawunan duwatsun yamma suka yi ja, lokacin asuba ya fita. Kada ka jinkirta kana cewa ai rana ba ta fito ba.

Alƙiblar wannan yanki gabas ce da ɗan karkata zuwa arewa, wajen daraja 77 a kan kamfas. Kuskuren da aka fi yi shi ne fuskantar mafitar rana kai tsaye, alhali mafitar tana yawo. A watan Yuni rana tana fitowa arewa da tsakiyar gabas da kamar daraja 25, a Disamba kuma kudu da ita da kamar haka. Wato lokacin ɗari, wanda shi ne lokacin tafiya, alƙibla tana hagu da mafitar rana da tazara mai yawa. Da dare ka nemi tauraron arewa, ka sanya shi daidai kafaɗarka ta hagu, sannan ka ɗan karkata hagu kaɗan. Sai dai a ƙasarmu tauraron nan ba ya da tsawo a sama, dutse yana iya tare shi. A nan sai ka nemi taurari ukun nan da suke jere a tsakiyar buruji da Abzinawa ke kira Amanar, domin daidai gabas suke fitowa, kuma da ɗari da farkon dare ake ganin fitowarsu. Idan kana ƙauye, mihirabin masallaci ya ishe ka. Wanda ya yi iyakar ƙoƙarinsa ya yi salla, daga baya ya gane ya kauce da yawa, an so ya sake muddin lokaci bai fita ba. Idan kaucewar kaɗan ce babu komai.

Ladabin shiga ƙauye

Idan kun isa ƙauye, ku nemi mai gari ko liman ku yi sallama, ku faɗi daga ina kuke da inda za ku. Yawancin maza suna jin Hausa saboda fatauci, amma ka koyi gaisuwa da godiya da Tamajak, ko da “tanammirt” ce kaɗai, za ka ga yadda fuska take sakewa. Namiji ba ya kutsa kai cikin bukkar mata, kuma ba a ɗaukar hoton kowa da salula sai da izini. In an kafa shayi ka zauna har kofi na uku.

Mutanen dutse masu karamci ne, za su iya yanka akuyar da ba su da kamarta saboda baƙo. Kada ka nauyaya musu. Haƙƙin baƙunci kwana uku ne, kuma kyautatawa ce ka zo da ɗan sukari da ganyen shayi. Reshen rumman da ya leƙo bisa shinge yana da mai shi, wanda ya shekara yana jan ruwa saboda shi. Kada ka tsinka sai an ba ka, kada ka taka magudanar ruwan garka, in ka buɗe shinge ka rufe saboda awaki. A rijiya ka jira layinka. Hadisi ya yi gargaɗi mai tsanani a kan yin bayan gida a mashaya da kan hanya da inuwar da mutane ke hutawa. A wurin da ƙauye guda yake dogara da kududdufi ɗaya, wanda ya yi wanki da sabulu a cikinsa ya cuci jama'a da dabbobinsu.

Mu ɗalibai akwai wata jarrabawa ta musamman a kanmu, ita ce girman kai da ɗan abin da muka karanta. Azbin ƙasar malamai ce tun ƙarnoni. Tsohon da ka gani yana jan raƙumi a rijiya wataƙila ya sauke Muhtasar kafin a haifi mahaifinka. In ka ga abin da kake zaton kuskure ne, ka kai wa liman a keɓe cikin sigar tambaya: “Allah gafarta Malam, ina neman ƙarin bayani.”

Dabbar da ta ɗauko kayanka ita ma tana da haƙƙi. An ruwaito cewa sahabbai in sun sauka zango sukan fara sauke wa dabbobi kaya kafin su tsaya nafila. Ka daidaita kaya gefe da gefe, ka duba ƙafar jaki ko tsakuwa ta shige, ka shayar da shi, kada ka doke shi a hawa.

Abin lura a kan hanya

Alƙur'ani ya kwaɗaitar da mu a wurare da yawa mu yi tafiya a bayan ƙasa mu dubi ƙarshen waɗanda suka gabata. A Dabus, kusa da hanyar Arlit, akwai zanen raƙuman dawa biyu da aka sassaƙa a jikin dutse shekaru dubbai da suka wuce, babban ya wuce mita 5. Yau babu raƙumin dawa ko ɗaya a Azbin, sai ka gangara kudu, kamar wajen Kure kusa da Yamai. Wato ƙasar nan da muke auna ruwa da kofi ta taɓa zama mai ciyawa da tafkuna. Tsakanin Timiya da Iferwan kuma akwai kufan Asode, wanda a da babban gari ne mai masallaci da ɗaruruwan gidaje, yanzu babu mai kiran salla a cikinsa. Ka tsaya ka duba, ka yi tunani, kada ka rubuta sunanka a jikin dutsen, kada ka ɗauke komai.

Tambayoyin muraja'a

Na ɗaya: mutum uku suna da lita huɗu, jagora ya ce gobe da hantsi za a isa rijiya, azahar ta yi. Me za su yi, kuma a wane ɓangare na lokaci? Na biyu: ɗalibi ɗan Agadas ya isa Iferwan da niyyar kwana biyu, sai ƙorama ta tare hanya, kullum yana cewa gobe zan tafi, har ya yi kwana shida. Kasaru zai yi ko cikawa? Na uku: mai azumi cikin kwari ya ga rana ta ɓace, amma kan dutsen gabas yana haske. Ya sha ruwa? Na huɗu: me ya sa ba a kwana tsakiyar ƙorama a watan Agusta ko da babu hadari? Ku tattauna su a tsakaninku, sannan ku kai wa malamai su tabbatar, tun kafin ranar tashi.

Allah Ya kai matafiyanmu lafiya Ya dawo da su lafiya, Ya ba mutanen duwatsu damina mai albarka marar ɓarna, Ya sa mu yi aiki da abin da muka karanta. Allah ne Mafi sani.